Damanar da Ƙirjin Malam Ya Daina Jin Magani

Bana ruwa ya yi yawa a Tama. Tun da malka ta kama ɗakuna ba su bushe ba, tabarmi sun yi laushi, gindin rumbu ya yi kore. Shekaranjiya na shiga ɗebo hatsi, warin laima da tsohuwar zangarniya ya bugi hancina, sai na tsaya da ƙwarya a hannu na kasa ci gaba. Irin warin da ya cika gidanmu ke nan damanar shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, lokacin da ƙirjin maigidana ya daina jin magani.

Idi sunansa, Allah ya jiƙansa, amma ni Malam nake ce masa har ya koma. Huka gare shi, ciwon nan mai toshe numfashi, tun yana yaro. Takan taso masa farkon damana da lokacin sussuka, ta kwantar da shi 'yan kwanaki, ta sake shi. Mutum ne siriri, mai saurin hannu a gona, kuma ba ya son a tausaya masa. Muna zaune a gidan mahaifinsa, Baba Alasan, wanda a lokacin gwiwoyi sun fara gaza masa. Gonaki biyu gidan ke nomawa: ta fadama a bakin gulbin Majiya, kusa da layin dogon yaro, inda ake dawa, da ta tudu can bayan dutse, inda ake gero.

Wan Malam, Yaya Sani, yana Abijan kamar sauran mazan ƙasarmu ta Adar. Ya saba tafiya bayan girbi, ya dawo da ruwan fari. Wannan shekarar bai dawo ba. Ya aiko wani ɗan garinmu ya ce al'amura sun dagule can, a yi haƙuri sai kaka. Tare da saƙon ya aiko wa ƙanensa wani abu ƙunshe a leda: 'yan gwangwanaye ƙanana masu bakin roba, a sa a baki, a danna, a shaƙa. Mu famfo muke ce masa.

Damanar baya ba ta yi kyau ba, hatsinmu ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Ni da matan unguwa muna fita aikin furoje na masu agaji a kan fako, muna ɗaukar duwatsu a ka muna jera su don su tare ruwa, a sallame mu da abinci. Rana kan dafa duwatsun har sai mun naɗe hannu da tsumma. In mun dawo sai mu duba anza, 'ya'yan itacen dajin da muka jiƙa, mu zubar da ruwan, mu zuba wani, don sai ta kwana ta yini sau da yawa kafin ɗacinta ya fita. Awaki sun ƙafe, hura ta koma ruwa. Yara da kansu suka daina tambayar abincin rana. Da la'asar kowa ya fito ƙofar gida ya zuba wa gabas ido, gumi na bin baya.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, iskar da ta riga shi ce ta taso wa Malam da hukar. Ƙirjinsa ya shiga kuka kamar ɗan kyanwa, kafaɗu suka ɗaga. A da, in haka ta faru, shuka sai dai ta jira shi. Sai ya ɗauko famfon ya yi yadda ɗan saƙon ya nuna masa. Kafin in gama tara tasoshi a bakin indararo, na ji ya sauke numfashi mai tsawo. Ya dubi ɗan gwangwanin a tafin hannunsa, ya yi dariya. Baba ya ce ashe Sani ya aiko da wanda zai tsaya masa a gona.

Washegari duk garin yana daji. Malam na gaba da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige, ƙasa na ƙamshi, ƙafa na nutsewa. Muka gama tudu, muka sauko fadama, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Ruwan nan da ya fara bai ɗauke ba. Hatsi ya tashi da kyau, amma ciyawa ta fi shi sauri, ga mutum ɗaya da gonaki biyu, ga ciki ba komai. Malam ya fara shaƙar famfo tun kafin ya fita gida, ko da ƙirjin lafiya lau, wai don kada ya tsayar da shi. Ya shaƙa a bakin gona. Da ya ji nauyi kaɗan, ba zai ajiye hauya ba, hannu ɗaya ya kai aljihu. In na kawo hura da hantsi, tun daga nesa nake jin ƙarar abin. Da farko shaƙa ɗaya kan kai shi azahar. Daga baya sai hantsi. Can sai ya zama ba ta kai shi ƙarshen kunya. Hannunsa ya kama rawa har ludayi na bugun haƙoransa, jijiyar wuyansa na harbawa ana gani. Kwanciya ta gagare shi, sai dai ya jingina da turmi ya yi gyangyaɗi a zaune.

Gwangwanin farko ya ƙare noman fari bai ƙare ba. Ya buɗe wani, ya ce wannan ba shi da ƙarfi. Ya buɗe na bayansa, haka. Daga nan ya yanke cewa an cuci Yaya Sani a Abijan, guda ɗaya ne na gaske, sauran jabu ne. Baba ya koma kan abin da ya sani, rubutu da saiwoyi da hayaƙin wani ganye. Ni kuwa na ce mu tafi likita a Buza a duba shi. Ya ce bayan maimai. A damana kowace cuta bayan maimai ake ce mata.

Wata rana hadari ya haɗu tun hantsi, iska ta tsaya cik. Na kai hura gonar fadama, ban hango shi tsaye ba. Na same shi durƙushe tsakanin dawa, ya rungume ƙotar hauya. Leɓunansa sun yi toka. Yana danna famfon a kai a kai, yana ja, ba abin da ke shiga. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kukan ƙirjin ma ya yi ƙasa. Na tambaye shi, ya kasa haɗa kalma biyu.

Na kira mazan da ke gonakin kusa. Yanzu da an danna waya, babur ya zo har bakin gona. Lokacin ba haka ba ne, kuma Majiya ta kawo, tana tsakaninmu da hanyar mota. Aka ɗauko gadon kara daga wata bukka, aka zaunar da shi a kai don ba ya iya kwanciya, maza suka ɗaga shi bisa kai suka shiga ruwa. Ruwan ja ne, yana jan itace, ya kai musu ƙirji. Na bi su ina riƙe da rigar na baya. Yara na bar wa maƙwabciya. A ƙetare muka sami amalanke ya kai mu bakin hanya, can wata motar kasuwa ta tsaya. Duk tafiyar yana zaune a kan buhuna, ya kifa goshi a kafaɗata, ina jin kowane numfashi kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ruwa ya same mu a hanya. Rana ta kusa faɗuwa muka shiga asibitin mishan.

Suka yi masa allurai, suka sa masa roba a hanci mai kawo iska daga wata doguwar kwalba. Wata ma'aikaciya mai suna Saratu, Kirista ce 'yar wajen Madawa, sa'ata, ita ce a ɗakin. Ta lura ban zo da ko ƙwarya ba, zanena a jiƙe. Ba ta tambaye ni komai ba, da ta tashi aiki ta kawo mini zane da tuwo daga gidanta. Na daɗe ban ga tuwo mai tsayawa a kwano ba. Na ci rabi, na tuna yara, na rufe sauran.

Da Malam ya dawo hayyacinsa, lokotoro, babban likitan wurin, ya zo zagaye. Bature ne dogo, Hausarsa a hankali take tafiya amma tana isa. Malam ya fiddo gwangwanin daga aljihu, ya ce a taimaka a ba shi na gaske, wannan jabu ne. Lokotoro ya girgiza shi, ya danna a iska, ya karanta jikinsa, ya ce maganin ba shi da laifi. Ya tambayi sau nawa yake shaƙa a yini. Malam ya ce bai taɓa lissafawa ba, duk sa'ad da ya ji nauyi ne, wani lokaci ma kafin ya ji.

Sai lokotoro ya ja kujera ya zauna, yana bayani, Saratu na gyara masa inda Hausar ta karkace. Ya ce a jikin hanyoyin numfashi akwai wasu abubuwa ƙanana da ido ba ya gani, kamar kunnuwa. Su ke jin maganin. In maganin ya taɓa kunne ɗaya, sai ya motsa, ya aika saƙo ciki cewa naman ya saki, hanya ta buɗe. Amma a cikin naman akwai wani mai aiki da Allah ya ajiye, aikinsa kawai neman kunnen da ya motsa. Wanda ke zaune shiru ba ya taɓa shi. Wanda ya motsa kuwa sai ya sa masa alama, da zarar an sa alamar sai wani ya zo ya rufe shi, a janye shi ciki ya huta. An yi haka ne don kada a yi ta kiran jiki ba hutu har ya lalace. In jefi-jefi ake shaƙa, alamar kan goge, kunnuwan su dawo bakin aiki. In kuwa yini ake yi ana kira, ana janye su fiye da yadda suke dawowa, har a wayi gari magani na zuwa, masu jinsa sun yi kaɗan.

Ya ce abu na biyu ya fi wannan muni. Hanyoyin sun kumbura daga ciki, majina ta cika su, famfo kuwa ba ya taɓa kumburi. Yana buɗe hanya na ɗan lokaci ne, ya sa mutum ya koma cikin raɓa da ciyawar da ke kumbura shi, yana tsammani ya warke.

Malam ya juya gwangwanin a hannunsa. Can ya ce, "Ashe ba a cuci Yaya ba. Jikina ne ya toshe kunne."

Lokotoro ya ce, "Ya toshe, amma ba kurma ya zama ba. In ka bar shi ya huta zai sake ji."

Shekaru da yawa bayan haka, autata Hasiya, da ta yi karatun magani a Yamai, ta ji ina ba da labarin nan. Ta ce mai sa alamar kinaz ake ce masa. Ta ce abin da ya daɗe yana ba masana mamaki shi ne yadda yake bambanta kunnen da ya ji da wanda bai ji ba, alhali iri ɗaya ne. Ashe in kunnen ya motsa, wani ɗan gurbi ne ke buɗewa ta cikinsa, kinaz ya shiga gurbin daidai, kuma shigar nan ita ke tada shi kansa ya kama aiki. Wato kunnen da ya ji shi ke kiran mai rufe shi. Ta ce ko a ido akwai ɗan'uwansa, yana cikin abin da ke sa in ka fito daga ɗaki mai duhu, hasken da ya kashe maka ido ya lafa. Na ce mata bature bai faɗa mana sunan ba, amma aikin na gan shi a gonar fadama.

Aka sallame mu da wasu ƙwayoyi farare ƙanana, a sha da safe ana ragewa sannu-sannu. Su ne na kumburin, kuma an ce suna taimaka wa kunnuwan su dawo. Irin famfon nan na safe da yamma da ake ba masu huka yanzu don tare kumburi, lokacin bai iso mana ba. Dokar lokotoro ita ce ba hauya sauran damanar, ba kusantar sussuka, famfo kuma sai hukar ta taso da gaske. Saratu ta ja ni gefe ta koya mini in ɗora kunne a bayansa. In na ji kuka, in ba shi nan take, kada in yi jayayya. In na ba shi bai buɗe ba, ko ya dawo da wuri, kada mu jira komai, mu taho.

A motar dawowa Malam ya miƙo mini famfon ba tare da ya dube ni ba.

"Riƙe, Rabi. In yana aljihuna gona zan koma."

Na ƙulle shi a bakin zane.

Mun dawo mun tarar malka ta kama sosai. Sama a rufe, yayyafi ba ya tsayawa, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi kawai. Wannan ne lokacin da yunwa ta fi cizo: ga hatsi kore shar ko'ina, ga tukunya ba komai. Ganyen tafasa muke dafawa, a ɗan barbaɗa garin rogo in an samu. A gona kuwa ciyawa ta kai ƙugu. Baba ya dogara sanda ya hau tudu ya dubo gero, ya dawo ya zauna a zaure har bayan la'asar. Sannan ya kira mu ya ce a bar gonar tudu, a ceci ta fadama. Gonar nan ita ce kakansu ya sara. Malam ya sunkuyar da kai.

Gayya sai da abinci, mu kuwa ba mu da shi. Duk da haka mazan da suka ƙetarar da shi ruwa suka zo wata safiya, kowa da hurarsa a gora, suka yi mana rabin fadama suka koma nasu. Sauran ni na ɗauki hauya. Baba na biye da ni a zaune, yana jan gindi yana tuge ciyawa da hannu. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, laka na cin tsakanin yatsun ƙafa. Malam na gida da yara, yana tufka igiya, yana hura wutar da ba a so ya kusanta. Mata in sun wuce su gaishe shi da jiki, shi kuwa gaisuwar ce ta fi ciwon yi masa zafi. Sau da yawa hannunsa kan kai aljihu ya dawo. Amma rawar hannun ta daina, ya fara kwanciya a miƙe, ya fara jin yunwa kamar kowa.

Wata safiya rana ta fito bayan kwanaki ba a gan ta ba. Ina ɗaura kallabi zan fita, ya tare ƙofa, ya ce in ba shi famfo zai tafi gona. Na ce ya juya in saurara. Na ɗora kunne a bayansa, iska na shiga tana fita ba ƙara. Na ce ƙirjinsa lafiya, ba zan ba shi don ya je ya tada shi ba.

Ya ce, "Yau kuma ke ce lokotoro?"

Na ce, "Kai ka ba ni, Malam. Ban roƙa ba."

Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa yi mini irin kallon da ya yi mini ba. Ya fizgi hauyar daga hannuna ya fita. Na bi shi a baya, ba kusa ba. Ya shiga dawa, raɓa ta jiƙa shi har wuya, ya kama noma da ƙarfi kamar mai faɗa da wani. Na tsaya a gindin dogon yaro ina kallo. Bai kai tsakiyar kunya ba saran ya fara jinkiri. Ya tsaya, ya dafa gwiwa. Daga inda nake na ji kukan.

Na riga na kwance bakin zane kafin in isa. Ya karɓa, ya danna, ya ja. Muka tsaya muna jira, ni da shi, ba mai kallon wani. Zuciyata na kan Majiya, ina tunanin ko ta sauka, ina tunanin wa zan kira. Sai na ga kafaɗunsa sun fara sauka. Ya ja numfashi ya kai har ƙasa, ya sake ja. Kukan ya lafa kamar ranar farko.

Ya zauna a kan kunya, laka ta ɓata masa wando. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙo mini famfon da hannu ɗaya, hauyar da ɗayan, ya tashi ya nufi gida a hankali. Bai ƙara tare mini ƙofa ba.

Dawar fadama ta yi, ba laifi. Gonar tudu kuwa, da kaka na hau da yara muka tsinci abin da ya tsira a cikin ciyawa, zangarniya sirara kamar yatsa. Muka gasa tumu a bakin gonar, yara na ci suna ƙona baki. Lokacin sussuka Malam kan bar gidan tun da safe, ya tafi bayan gari ta inda iska ke fitowa, sai an share ƙaiƙayi an yayyafa ruwa ya dawo. Rumbu bai cika ba, amma an rufe shi da wani abu a ciki.

Yaya Sani ya iso bayan an gama ɗaurin dammuna, da rediyo da atamfofi da takalman yara. Aka yi murna, aka ci tuwon sabuwar dawa. Kwana biyu da zuwansa ya hau tudu, ya dawo ransa a ɓace. Muna tsakar gida ya fara magana, yana cewa gonar kakanni ta zama daji, mutane na nuna ta da baki, shi ya aiko da magani musamman don kada a yi haka. Malam yana ta murza igiyarsa. Ni kuwa ba hurumina ba ne.

Baba na kan buzu yana jan tasbaha. Ya bari sai da Yaya Sani ya gama, sannan ya ce, "Gonar tana nan inda ka bar ta, Sani, ba inda ta je. Ƙanenka ne na ga an ɗauka bisa kai an shiga ruwa da shi."

Yaya Sani ya dubi Malam, kamar sai lokacin ya ga yadda wuyansa ya rame. Da sassafe na ji ana wasa gatari a zaure. Ya yi kwanaki yana sassabe a tudu shi kaɗai, kuma daga wannan shekarar, ko me ake ciki a Abijan, ruwan fari a Tama yake samunsa.